Fitilar da Ke Kamawa a Kurmin Mashi

"Lubna, zan faɗa miki wata magana, amma ki yi wa Allah kada ki yi dariya," in ji Sharhabil. "Akwai wata fitila da nake jin tsoronta."

Ƙanwarsa Lubna tana zaune a kan tabarma a tsakar gidansu da ke Badarawa, tana tsince shinkafa a faranti. Ta ɗago kai ta dubi ƙwan lantarkin da ke rataye a bakin ƙofar kicin, wanda tun safe ba a kawo masa wuta ba.

"Wannan? Ai ita ce ke jin tsoronmu, Yaya. Shi ya sa ba ta zuwa."

"Ba wannan ba. Ta cikin mota."

Ya kamata a yi wa Sharhabil adalci tun daga farko. Ba jahili ba ne. Yana da difloma a fannin lantarki, kuma takardar tana nan a jikin bangon ɗakin mahaifiyarsa, an sa mata gilashi. Yana aiki a wani ofishi da ke Unguwar Sarki, inda yake kula da injin wuta da na'urorin sanyaya ɗaki, kuma ba a taɓa kama shi da ganganci ba. Matsalarsa ita ce kulawar ta yi masa yawa. Shi ne mutumin da ke karanta takardar cikin kwalin magani har ƙarshe kafin ya haɗiyi ƙwaya, sannan ya wuni yana jiran illolin da aka lissafa su bayyana a jikinsa ɗaya bayan ɗaya. In ya kulle ƙofa ya tafi, sai ya dawo ya girgiza kwaɗon, domin bai yarda da hannun da ya kulle ba, alhali hannun nasa ne.

Irin wannan mutum ne Allah ya haɗa da Umaima, malamar makarantar sakandare da ke zaune da iyayenta a Kinkinau. Sun daɗe tare, har maƙwabtansu sun san ƙarar motarsa. A farkon damina sai ta gaya masa cewa mahaifinta, Malam Abdulƙadir, ya yi magana: idan yaron nan da gaske yake, ya turo magabatansa.

Sharhabil ya yi abubuwa biyu a wannan makon, kuma da ya bar rata a tsakaninsu da bai shiga halin da ya shiga ba.

Na farko, ya yi salatul istihara. Limamin unguwarsu ya sha yin bayani cewa ba lallai ne mutum ya yi mafarki ba. Ya yi addu'arsa ya ci gaba da al'amarinsa, in alheri ne Allah zai sauƙaƙa, in ba alheri ba ne zai kautar da shi. Bayani ne mai sauƙi. Amma kunnen Sharhabil rabin ƙarshe kawai ya riƙe, ya shiga neman ta inda kautarwar za ta ɓullo.

Na biyu, ya canza wa motarsa ƙafafu. Motar 'yar Beljiyam ce, mai lafiya, sai dai wilinta, inda taya ke hawa, baƙin ƙarfe ne, murfin guda ya faɗi tun bara. Ya ga bai dace motar da za ta ɗauki Kawu Audi, ƙanin marigayi mahaifinsa, zuwa neman aure ta tsaya a ƙofar surukai da irin waɗannan ƙafafu ba. Sai ya tafi kasuwar Panteka ya zaɓi wili huɗu masu ƙyalli, waɗanda suka fi na da girma.

A nan, gaskiya, ya nuna karatunsa. Ila mai tayoyi ya jawo masa wasu manya masu kauri ya ce, "Oga, ga waɗannan. Taya ai taya ce, duk zagaye suke."

Sharhabil ya tsuguna ya nuna masa lambobin da ke gefen tsohuwar tayar. Ya yi masa bayani a tsanake cewa ta farko faɗin taya ce, ta biyu kaurin gefenta, ta uku girman wilin da take hawa. In an ƙara girman wili daga inci sha shida zuwa sha takwas, dole a rage kaurin gefen taya domin tsayin ƙafar gaba ɗaya ya tsaya yadda yake. In ba haka ba, agogon gudu zai riƙa faɗin ƙarya, tayar kuma za ta riƙa gogar jikin mota duk lokacin da aka murɗa sitiyari. Ya fito da waya ya yi lissafi, ya sake yi, ya zaɓi wadda bambancinta da tsohuwar bai kai kaurin yatsa ba.

"To, Injiniya," in ji Ila, "amma ka san ramukan garin nan ba su yi makaranta ba. Wannan siririyar tayar, ka lallaɓa ta."

Aka ɗaura sababbi. Tsofaffin huɗu, da iskarsu da komai, Sharhabil ya kwaso su ya jera a rumfar da yake ajiye mota a gida, domin ba ya yar da abin da wata rana za a iya nema.

Washegari da la'asar ya sa shadda mai guga ya nufi Kinkinau, da nufin gaya wa Umaima cewa zai turo Kawu Audi. Ya bi ta babbar hanyar bayan gari. Yana isa Kurmin Mashi sai wata fitila ruwan ɗorawa, wadda bai taɓa gani ba, ta fara ƙiftawa a gabansa. Siffarta kamar tukunya mai faɗin ciki, da alamar motsin rai a tsakiya. Ta yi ta ƙiftawa, sannan ta tsaya cak tana kallonsa.

Ya gangara gefen hanya. Ya duba a waya, ya ga fitilar gargaɗin iskar taya ce. Ya ji ɗan sanyi a ransa, ya lallaɓa zuwa wurin wani mai faci. Mai facin ya gwada tayoyin nan huɗu, ya ce iska lafiya lau, ko ɗigo ba ta ragu ba.

"To me ya sa take kamawa?"

"Irin motocin nan ne, Alhaji, surutu gare su. Mai ita na can Turai ya shagwaɓa ta. In tana damunka ga baƙin salatif, mu liƙe bakinta."

Sharhabil bai yarda a liƙe ba. Ya kira Umaima ya ce mota ta sami 'yar matsala, ya juya gida. A gida ya ci gaba da karanta bayanin da ke waya, ya gano akwai wani maɓalli a ƙarƙashin sitiyari wanda ake dannewa har fitilar ta ƙifta, domin motar ta sake koyon iskar tayoyinta. Ya danna. Ba a jima ba fitilar ta mutu. Akwai sauran bayani a ƙasan shafin, amma tunda magani ya yi aiki, bai gangara ba.

Ya tafi ofis da safe, ba fitila. Ya je masallacin Juma'a, ba fitila. Ya kai Umma, mahaifiyarsu, gidan gaisuwa a Malali, ba fitila. Ranar Asabar ya sake sa shadda ya nufi Kinkinau. Yana isa Kurmin Mashi, kusan daidai wurin nan, ta kama.

Haka aka yi ta yi. Duk inda zai je a kusa da gida, mota shiru. Da ya ɗauki hanyar gidan su Umaima, sai tukunyar nan ta bayyana. Sau ɗaya ya daure ya ƙarasa da ita a kunne, ya zauna a kan benci a ƙofar gidansu yana zufa, yana ba ta labarin injin wutar ofis, ya tashi bai ambaci Kawu Audi ba. Sauran lokutan kuwa juyawa yake yi. Uzurinsa ya ƙare, har ya fara maimaita na baya.

Wannan shi ne abin da ya zauna ya zayyana wa Lubna a tsakar gida, da kalmomi zaɓaɓɓu, kamar mai karanta rahoto a gaban kwamiti. Da ya zo kan batun istihara sai ya sassauta murya.

Lubna ta ajiye farantin shinkafa a hankali domin kada ta zubar. Ta rufe baki da gefen mayafinta. Kafaɗunta suka fara rawa.

"Kin yi alkawari."

"Ban yi ba, Yaya, kai ka roƙa." Ta goge ido. "Yanzu kana nufin an rasa ta inda za a aiko maka da amsa sai ta motar da wani Bature ya gaji da ita?"

"Ban ce haka ba. Na ce abin yana da ɗaure kai. Me ya sa sai hanyar Kinkinau?"

"To ka hau Keke ka je mana."

"In na hau Keke, na guje wa alamar ke nan. Ban warware ta ba."

"To ka ɗauki hanyar Zariya ka gani ko za ta kama. Ba ka da budurwa a Zariya, ko akwai?"

Sharhabil ma ya yi wannan tunanin, ba sau ɗaya ba. Amma in ya je ba ta kama ba, magana ta tabbata, ya rasa Umaima. In kuma ta kama, to ba shi da sauran abin jira, sai ya tafi wurin Kawu Audi, daga nan sai lefe, sai gidan haya, sai ya zama mutumin da wata za ta dogara da shawararsa har ƙarshen rayuwa, shi da bai yarda da hannunsa a kan kwaɗo ba. Duka biyun suna ba shi tsoro. Bai faɗa wa Lubna wannan ba. Ya ce mata man fetur ya yi tsada.

"Allah ya ba Anti Umaima haƙuri," in ji Lubna, ta jawo farantinta.

Haƙurin kuwa ya kusa ƙarewa. Bayan kwana kaɗan saƙonta ya shigo wayarsa, gajere, ba gaisuwar da ta saba. Ta ce Abba ya sake magana. Akwai wani ɗan abokinsa da iyayensa suka nemi izinin zuwa, kuma Abba ya ce ba zai ci gaba da ce wa mutane su dakata saboda wanda bai ce komai ba. Ta ce in yana da magana, ya zo ya faɗa da bakinsa kafin mako ya fita. In ba shi da ita, shi ma ya zo ya faɗa, domin ta gaji da jin labarin mota.

Ya karanta saƙon har ya haddace. Daga nan ya yanke abin da a ganinsa hukunci ne na mai hankali: zai tafi ranar Asabar. In fitilar ta kama, zai ƙarasa ya gaya mata cikin ladabi cewa ya janye, ya yi mata fatan alheri. Har ya tsara jimlolin, ya gyara su, ya cire wata kalma da ya ga ta yi tsauri.

Ranar Asabar yana goge gilashin mota sai Umma ta leƙo rumfar, hannunta a ƙugu.

"Sharhabilu, waɗannan tayoyin naka haya suke biya a nan?"

"A'a, Umma. Ajiya ce, ko wata rana..."

"Wata ranar ta zo. An kawo mini buhunan masara daga ƙauye, ba inda zan sa su ruwa bai taɓa ba sai nan. Adamu na gidan Kawunku da ke Tudun Wada ya ce yana so, tasinsa irin ƙafar ke nan. Tudun Wada ai a kan hanyarka take. Kwashe su ka kai masa."

Ba a jayayya da Umma a kan masara. Ya sa biyu a but, biyu a kujerar baya, ya shimfiɗa tsohon zani a ƙarƙashinsu domin kada su ɓata kujera, ya ɗaura musu bel kamar fasinjoji. Ya wanke hannu, ya duba shaddarsa, ya karanta addu'ar hawa abin hawa, ya fita.

Tun daga Unguwar Dosa idonsa ke kan wurin da fitilar take fitowa. Ya hau hanyar bayan gari, yana maimaita jimlolinsa a zuci. An yi ruwa da safe, kwalta na sheƙi, manyan motoci na watsa masa taɓo. Ya hango Kurmin Mashi. Ya gyara zama, ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya shirya karɓar hukunci.

Ba ta kama ba.

Ya rage gudu domin ya ba ta dama. Wani direban bas ya danna masa oda, ya zagaye shi, kwandastan ya leƙo ya tambaye shi ko gawa ya ɗauko. Sharhabil bai ko kalle shi ba. Ya wuce wurin mai facin nan, ya wuce inda ya saba juyawa. Ya ɗan bubbuga gilashin agogon da yatsa, ko ƙwan ne ya mutu. Har ya shiga Badiƙo babu ko ƙiftawa.

Wani zai zaci murna zai yi. Abin da ya ji shi ne irin abin da ɗalibi ke ji in ya kwana yana haddar amsa, ya shiga jarrabawa ya tarar an canza tambaya. Ya gangara kusa da wani gidan mai ya kashe mota, ya zauna yana huci. Me ya bambanta yau da sauran ranaku? Hanya ɗaya, shadda irin ɗaya, zuciya ɗaya mai bugawa. Ya ɗaga ido ya dubi madubi, sai ya ga fasinjojinsa biyu zaune a baya, baƙaƙe, sun yi shiru.

Ya fito ya buɗe ƙofar baya. Ya juya ɗaya daga cikin tsofaffin tayoyin har ya kai kan bawul, wato bakin da ake ba ta iska. Na ƙarfe ne, da ɗan noti a gindinsa. Ya tsuguna ya dubi na sabuwar tayar da ke ƙasa: roba ce zalla, irin ta kowa. Ya koma ya sake duba na ƙarfen. Sannan ya fito da waya, ya buɗe shafin nan, ya gangara zuwa sashen da ya daɗe yana tsallakewa.

Yana nan a rubuce, ba a ɓoye ba. A cikin kowane wili na asali, a bayan bawul, akwai 'yar na'ura mai batir da ke auna iska tana aika wa mota saƙo ta iska kamar rediyo. In an canza wili ba a mayar da na'urorin cikin sababbin ba, motar za ta yi tafiya mai ɗan nisa tana sauraro, in ta ji shiru sai ta kunna fitila. Sababbin ƙafafunsa masu ƙyalli kurame ne kuma bebaye. Duk tsawon wannan lokaci, motar tana hira ne da tayoyin da ke jere a rumfa. In ta kwana kusa da su, hankalinta ya kwanta. Ofis kusa ne, masallaci kusa ne, Malali kusa ce. Kafin ta lura ba ta jin kowa, an isa. Kinkinau ce kawai tafiya mai nisa da yake yi a duniya. Yau kuwa ya ɗauko mata abokan hirarta ya ɗaura musu bel.

Sharhabil ya zauna a gefen kujera, ƙafafunsa a waje, ya fara dariya. Ba dariyar jin daɗi ba ce. Darasin aika saƙo ba tare da waya ba, shi ne ya fi kowa maki a ajinsu. Ya auna tsayin taya har zuwa kaurin yatsa, ya yi wa Ila lacca a tsakiyar Panteka, amma bai tambayi kansa me ke cikin abin da ya cire ba. Kuma da ya yi wa kansa gaskiya, ba mantuwa ce ta hana shi gangarawa ƙasan shafin ba. Fitilar tana yi masa aiki. Muddin tana kamawa, ba shi ne ke jinkiri ba.

Gyaran ba wuya: a kwance tayoyi, a ciro na'urorin huɗu, a ɗaura su a sababbin wili, a daidaita iska, a danna maɓalli, a yi 'yar tafiya motar ta gane su. Aikin rabin wuni. Sauran matsalar kuwa babu maɓallinta a ƙarƙashin sitiyari.

Ya kamata ya biya Tudun Wada ya sauke wa Adamu kayansa. Ya san dalilin fitilar yanzu, ya san kimiyyarta daga tushe, ya san ko ta kama ba ta nufin komai. Duk da haka, da ya zo mararrabar, sai ya ga bai ga amfanin tsokanarta ba a rana irin ta yau. Ya miƙe zuwa Kinkinau da tayoyinsa.

Umaima ta fito da hijabi ruwan toka, ba ta ɗauko ruwan sha ba, kuma wannan kaɗai ya ishe shi sanin matsayinsa. Suka gaisa a tsaye. Ta leƙa motar.

"Waɗannan fa? Kayan na-gani-ina-so ne?"

"A'a. Na Adamu ne. Wato nawa ne, amma za su zama na Adamu, bayan an ciro wani abu daga cikinsu." Ya share goshi. "Umaima, ina da bayani, kuma yana da ɗan tsawo."

"Ina jinka. Yau babu makaranta."

Jimlolin da ya tsara na janyewa ne, ba su da amfani yanzu, wasu kuma bai tanada ba. Don haka ya fara daga farko, daga Panteka. Ya yi mata bayanin lambobi uku na gefen taya, ta ce ya tsallake. Ya zo kan istihara, ya zo kan tukunya mai alamar motsin rai, da Kurmin Mashi, da yawan juyawar da ya yi. Ya buɗe ƙofa ya nuna mata bawul na ƙarfe. Yana tsammanin za ta yi dariya kamar Lubna, har ya shirya taya ta.

Ba ta yi ba. Ta daɗe tana kallon bawul ɗin.

"Wato duk ranar da na yi girki na zauna jira, ka ce mota ta lalace, kana Kurmin Mashi kana kallon fitila."

"Haka ne."

"Kuma yau da ta kama, me ka zo faɗa mini?"

Ya sunkuyar da kai. Bai iya ƙarya ba, ba don tsoron Allah kaɗai ba, har da tsoron kada a kama shi.

"Na gane," in ji ta. Muryarta ba ta tashi ba. "Ka tambayi Allah, wannan daidai ne, ni ma na tambaya. Ka tambayi mai faci. Ka tambayi waya. Ka tambayi mota. Ni ce kawai ba ka zo ka ce, Umaima, ina jin tsoro, ke fa? Da ka ji amsa. Kana zaton ni ba na ji? Zan bar gidan ubana in koma hannun mutumin da ke girgiza kwaɗo bayan ya kulle, kuma na ce na yarda. Ban jira wata fitila ba."

"Ban san kin lura da kwaɗon ba."

"Duk layin nan sun lura. Har ƙofar motarka kake komawa ka ja." Ta gyara hijabinta. "Yanzu kuma ka zo ne saboda ba ta kama ba. To gobe in ka sauke wa Adamu tayoyinsa ta kama fa? In batirin abin ya mutu bayan an ɗaura aure fa? Sai ka mayar da ni gida a kai ni wurin mai faci?"

"Ba saboda ba ta kama ba ne." Ya tsaya, domin yana so ya tabbata abin da zai faɗa gaskiya ne kafin ya faɗa. "Da farko saboda haka ne. Amma a Badiƙo na gane ba ta taɓa cewa komai a kanki ba. Ni ne nake sa mata magana a baki. Da na rasa wanda zan fake da shi, sai na tambayi kaina abin da nake so, kuma amsar ba ta ɗauki lokaci ba. Tsoron dai yana nan, ba zan ɓoye miki ba. Ina jin tare da shi za ki same ni."

"Wannan na daɗe da sani," in ji ta. Fuskarta ta ɗan saki, amma ba duka ba. "Sai dai ba ni ce na ba ka wa'adi ba. Ni na gama jin jawabi, Injiniya. Mai wa'adin ga shi can tafe."

Sharhabil ya waiwaya. An idar da sallar la'asar a masallacin layin, mutane na fitowa. A cikinsu akwai Malam Abdulƙadir, dogo, da farar jallabiya da carbi, yana tafe a hankali irin na mutumin da ya yi shekaru yana sa hannu a takardun gwamnati ba tare da gaggawa ba. Umaima ta shige soro, amma ba ta yi nisa ba. Yana ganin gefen hijabinta.

A al'ada, abin da ya rage wa saurayi a nan shi ne ya durƙusa ya gaida dattijo, ya amsa tambayar mutanen gida, ya ɓace. Maganar aure ta manya ce, ba a jin ta daga bakin yaro. Sharhabil ya san wannan sarai, kuma a rayuwarsa bai taɓa taka wata ƙa'ida da gangan ba. Ya durƙusa har gwiwarsa ta taɓa jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Barka da yamma, Baba."

"Barka kadai. Sharhabilu ne? Kwana biyu. An ce motar ce ba lafiya." Dattijon ya dubi sababbin ƙafafun masu ƙyalli, ya leƙa ya ga tayoyin da ke ɗaure da bel a baya, ya ɗan jima yana kallonsu. "Ko ka koma sana'ar taya ne?"

"A'a, Baba. Motar lafiyarta lau. Dama lafiyarta lau."

"To madalla. A gaida Hajiya." Ya juya zai shiga gida.

Sharhabil bai sanar da Kawu Audi ba, bai san ko yana gari ba, bai tsara ko jimla ɗaya ba. Ya buɗe baki, sai muryar ta fito da ƙarfin da bai yi niyya ba, har mai shagon da ke tsallaken layi ya ɗago kai.

"Baba, a gafarce ni, na san ba a bakina ya kamata a ji ba. Daga nan gidan Kawuna zan wuce. Ranar Asabar mai zuwa, in Allah ya kai mu, magabatana za su zo neman auren Umaima."